Hannun Baba Wuƙa

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Sun dakatar da Baba Wuƙa. Na rubuta ne don in gani da idona ko zan yarda. Shekara ashirin da shida mutum yana tsaye gaban injin yanka a maɗaba'ar nan, bai taɓa ɓata wa kowa ko kati ɗaya ba. Yau da safe Manaja ya kira shi sama, minti goma, ya sauko ya cire rigar aiki ya ninke ta tsaf kamar zai ba wani kyauta, ya fita. Ko sallama bai yi mana ba. An ce ya je ya kawo takardar likita, ranar 27 za a yanke ko ya dawo ko tafiyar ke nan. Mutum mai 'ya'ya uku a makaranta.

Abin da ke cin raina shi ne daga cikin zumuntarmu maganar ta fita.

Mu tara ne. Duk Laraba lokacin hutun abinci muna haɗuwa a sito, tsakanin tarin takarda, mu yi waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa, mu yi karatu, mu yi addu'a. Muna da gwangwanin tawada wankakke, da tsaga a murfinsa. Duk mai damuwar da baki ba zai iya faɗa ba sai ya rubuta a gutsuren takarda ya jefa, babu suna. Shugaba ya karanta, a yi addu'a, in an tashi ya kai bayan ɗakin janareta ya ƙona. Dokar Dattijo ke nan, shi da ya kafa zumuntar. Da ya yi ritaya wata biyu da suka wuce, a hannuna ya ɗora gwangwanin, wai ni na fi kowa karatu. Ni da aji uku kawai na yi, saura duk a kan takardun da inji ya ɓata na koya.

Larabar da ta wuce na zaro wata na karanta: “Hannuna na dama ya fara rawa. Ina tsoron wuƙa, ina tsoron a sani.” Kowa ya sunkuyar da kai. Mutum nawa ne ke da wuƙa a gidan nan? Muka yi kamar ba mu gane ba, don haka ake yi.

Kwana bakwai, ga magana a kunnen Manaja. A cikin mu tara, mutum ɗaya ce ke hawa benen nan kullum, ita ke buga masa wasiƙu, ita ke kai masa shayi. Antin Sama. Ban ce komai ba tukuna. Tukuna.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

An rufe injin yanka da tampol. Kamar gawa.

Juma'a, 6 ga wata, bayan an tashi aiki

Yaya ta ce tun jiya nake buga ƙofofi kamar ni na saya. Na ba ta labari. Tana guga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“To kai ka tabbata ita ce?”

“Yaya, wa kuma? Iska?”

“Auta, kai fa in ka ga hayaƙi sai ka fara dukan maƙwabci kafin ka duba murhunka.”

Na ce mata ita ba ta san mutanen ofis ba. Masu takalmi mai ƙwas-ƙwas. Su zo su zauna da mu a kan kwali su ce “ɗan'uwa, 'yar'uwa”, ƙarfe biyu na bugawa su hau sama su zama wasu. Ta ce in matsa, na tare mata haske. Ta kuma ce in kwashe akwatin takarduna daga ƙarƙashin gado don ɓeraye sun fara biki a ciki. Ban taɓa akwatin ba. Ba yau ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata

Sun ɗauko wani daga waje ya riƙe injin. Katon mutum, hannu kamar faranti, ba ya rawa ko kaɗan. Kafin sha biyu ya yanke wa katin gayyata dubu biyu ƙafa, sunan wurin taro ya tafi cikin shara. Dogo mai injin buga, wanda ya wuni ranar Juma'a yana daidaita kalar katin, ya ɗaga ɗaya ya duba ta haske ya ce, “Madalla. Yanzu baƙi sun san ranar, sai su yi ta yawo su nemi wurin.”

Dogo ba ɗan zumunta ba ne. Lokacin da muke sito shi yana shimfiɗa dardumarsa a bayan inji. Amma shi ke kashe rediyo duk Laraba ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce min, “Lauya, ku da kuke rufe ƙofa ku yi addu'a, yaya aka yi ta yoyo?” Lauya suke ce min a nan, wai ban taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Yau na bar ta ta faɗi.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe biyu saura biyar

Na faɗa wa Antin Sama. A gaban kowa.

Ban yi niyya ba, Allah ya sani. Na buɗe wurin karatu, na ga ta shigo da jakarta ta share kwali da hankici kafin ta zauna, sai kawai abin ya taso min. Na ce kafin mu yi addu'a, akwai wanda ya kamata ya fara wanke bakinsa. Na ce wasu kunnensu a sito yake, harshensu a sama. Na ce cin amanar ɗan'uwa don a ce maka “sannu da aiki” ya fi sata muni. Na faɗi wasu abubuwan ma, ba zan rubuta su ba.

Ta bari na gama. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, “Shugaba, tambaya ɗaya. Takardun nan, kana ƙona su?”

Na ce, “Wace irin tambaya ce wannan?”

“Tambaya ce kawai.”

Na ce ina ƙonawa mana.

Ta dube ni. Ta ɗauki jakarta ta fita, mata biyu na ɗakin ninki suka bi ta. Ba a yi waƙa ba. Ba wanda ya jefa komai a gwangwani.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Goma sha ɗaya. Na sake ƙirga takardun gwangwanin, na zazzage akwatin. Goma sha ɗaya. Sha biyu ne ya kamata.

Alhamis, 12 ga wata, kafin a buɗe ƙofa

Ni dai ban taɓa iya jefa rubutu a wuta ba. Shi ke nan, na faɗa. Wanda ya koyi karatu a bola ya san darajar layi ɗaya. Ranar farko na je bayan ɗakin janareta da ashana a hannu, na karanta ta wani da ke roƙo a kan mahaifiyarsa, na ga yadda biro ya huda takarda don nauyin hannu, sai na sa a aljihu. Na ce ai zan riƙa yi musu addu'a a gida. Kuma ina yi. Wa hakan ya cutar?

Mako biyu da suka wuce muna haɗa wani littafi kan kiwon ƙudan zuma. Duk abin da ya bi ta teburina sai na karanta shi, wannan kowa ya sani. Na ɗauki kwafin gwaji lokacin hutu, na kai inda ake bayanin yadda sarauniya ke barin amya, ƙararrawa ta buga. Na laluba aljihu na sa alama. Washegari ban sami littafin ba, an mayar da shi fayil an kai wa Manaja ya sa hannu.

Na sa alama. Da me, ban duba ba.

Rubutun Baba kuwa yana jikin kowace takardar aiki a gidan nan tun kafin a haife ni.

Lahadi, 15 ga wata, da azahar

Na je sujada, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dawo na gaya wa Yaya. Na zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta zuba min abinci, ta zauna ta zuba min ido har na kasa ci.

“To yanzu mutum nawa kake bin ƙofarsu?”

Na ce biyu.

“Takwas,” in ji ta. “Tara da Ubangiji. Ka fara da wadda ka zaga, ita ce mai sauƙin.”

Mai sauƙi! Ba ta taɓa ganin yadda matar nan ke kallon mutum ta saman tabarau ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi

Mu uku. Gwangwani fayau. Na yi karatu, na yi addu'a mai tsawo a kan gafara, irin wadda ba ta ambaci kowa ba. Matsoraci.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe huɗu

Na hau benen. Matakala goma sha bakwai, na san su yanzu don sau biyu ina kaiwa rabi ina juyowa. Tana buga wasiƙa, ba ta tsaya ba.

Na ce, “Anti, ni ne.”

“Na ga kai ne.”

“A'a. Takardar. Ni ne.”

“Shi nake nufi.” Sai ta cire tabarau. Ta ce a gabanta ta faɗo daga littafin zuman, a kan teburin Manaja. Ta kai hannu, ya riga ta. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sa a aljihun riga. Ko shi ya gane rubutun da kansa ko wani ya tambaya, ba ta sani ba, ba ta kuma so ta sani.

Na ce to me ya sa ba ta tona ni ba ranar da na yi mata wankin babban bargo a sito?

“Da na tona ka, da ka yi ta kare kanka har gobe. Na ce bari in bar shi da akwatinsa.”

Na fara ba da haƙuri, sai na ji bakina yana cewa ai ita ma da ta yi magana tun farko da ba a kai nan ba. Ta ɗaga hannu. “Lauya, tsaya a ‘yi haƙuri’. Kada ka ƙara masa wutsiya.” Na tsaya. Wuyar da na sha kafin in tsaya, Allah kaɗai ya sani.

Ta ce maganar takalmi mai ƙwas-ƙwas ma ta iso mata, don ba Yaya kaɗai na faɗa wa ba. Ta ce ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya gajarta, shi ya sa. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba.

Asabar, 21 ga wata, da la'asar

Gidan Baba. Na same shi a bakin ƙofa a kan benci, kofin shayi a hannu biyu kamar mai jin sanyi. Mama, matarsa, ta kawo min nawa. Na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi yara, na tambayi har akuyar maƙwabta. Ya ce, “Lauya, ba gaisuwa ta kawo ka ba. Sauke.”

Na sauke, tun daga ashana har littafin zuma.

Ya sunkuyar da kai. Shayin yana ɗan girgiza a kofin, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

“Ka ajiye ta. Don me?”

“Ban iya ƙona rubutu ba, Baba.”

“Ni na rubuta wa Ubangiji wasiƙa, ɗan aike ya kai wa Manaja.” Ya yi wata 'yar dariya, ba ta daɗi ba. “Mako biyu ina kwana ina zargin mutane ɗaya bayan ɗaya. Har yarinyar nan ta sama na zarga. Kai kaɗai ne ban kawo a raina ba, don na ce wannan bakinsa ba ya riƙe komai, da shi ne da tuni ya faɗa.”

Mama ta leƙo daga ciki. “Nuna masa takalmin.”

“Ke, shiga ciki.”

Ba ta shiga ba. Ta fito da takalmin aikinsa ta ajiye a gabana. Kan takalmin a tsage, yanka ɗaya miƙaƙƙe, har safa. Ranar canza wuƙa ne, wata guda da ya wuce, ta kufce masa. Bai gaya wa kowa ba, ya sayi wani takalmin. Mama ta ce, “Ni kullum roƙona Allah ya raba shi da injin nan da yatsunsa goma. Ban dai ce a bi ta hannunka ba.”

Likita ya ce rawar ba za ta tafi ba, magani zai rage ta. Ido lafiya, kai lafiya. Baba ya ce to ina amfanin ido ga mai yanka in babu hannu?

Na ba shi labarin katin gayyata. Ya tambayi girman takardar, ya tambayi guda nawa aka jera a shafi, ya lumshe ido ya ce mutumin ya fara da gefen da ya kamata ya ƙare da shi. Daga kan benci, bai ga katin ba. Na zauna ina kallonsa, wani abu yana juya min a kai.

Da zan tafi na ce, “Baba, ka yafe min.” Ya ce, “Ban ce ba. Shanye shayinka, ba a bar mana saura.”

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe biyu

Takwas. Antin Sama ce ta bi su ɗaya-ɗaya, ba don ni suka zo ba. Na tsaya na faɗi komai, gajere, ba wutsiya. Na fito da sha ɗayan a cikin ambulan, a rufe. Ɗaya daga matan ninki ta ce, “Wato ta mijina ma tana ƙarƙashin gadonka?” Na ce e. Ta ce Allah ya isa, sannan ta ce a'a ta janye, sannan ta ce ba ta janye duka ba. Muka fita gaba ɗaya bayan ɗakin janareta, ita ta ƙyasta ashanar. Na kau da kai. Har yanzu ba na son gani.

Na ajiye shugabanci. Sun ce gwangwani ya koma hannun Anti, ni in ci gaba da karatu tunda bakin nan dole a ba shi aiki.

Sai na kawo shawarata: Baba ya auna, ya tsara, ya sa ido. Wani ya ɗaga takarda, ya danna, ya canza wuƙa. Aka ce wa? Na ce ni.

Anti ta ce, “Ka san a injin yanka ba a karatu? Ido ɗaya a shafi, yatsa ɗaya a ƙasa.”

Na sani. Shekara shida a teburin haɗa littafi, nan ne makarantata, nan ne komai nawa. Na ce na sani. Muka kama hannu muka yi addu'a cikin sunan Yesu, wannan karon da sunan Baba a fili, tunda babu sauran abin ɓoyewa.

Alhamis, 26 ga wata, da safe

Sharaɗin Anti: gobe ita za ta yi magana. Ni in tsaya kamar ginshiƙi.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe biyar

Mun hau mu huɗu, Baba da takardar likita, Anti, ni, sai Dogo da ya biyo mu yana goge hannu da tsumma. Na ce ina za shi? Ya ce, “Ni nake buga abin da ake yankewa. In an sake yanke min ƙafar aiki, ni zan fara rawar hannu.”

Anti ta yi bayani tiryan-tiryan. Manaja ya karanta takardar likita sau biyu. Ya ce doka ba ta san mutum biyu a inji ɗaya ba. Ya ce in wani abu ya faru, wuyansa za a kama. Ya ce shi ma bai ji daɗin karanta abin da ba shi aka rubuta wa ba, amma da ya yi shiru aka kwashi yatsu a ƙasa fa? Amsoshi uku suka taso min har maƙogwaro, masu kyau kuwa. Na haɗiye su, suna da ɗaci.

Ya juyo. “Lauya, yau ba ka da ta cewa?”

Anti ta taka min ƙafa da takalmin nan.

Na ce, “Ranka ya daɗe, hannuna ba ya rawa, amma bai san komai ba. Nasa ya sani.”

Dogo ya ajiye masa katin gayyatan nan guda ɗaya a kan tebur.

Manaja ya yarda, wata uku na gwaji. Baba ba zai taɓa wuƙa ba ko da wasa. In an ɓata aiki ɗaya babba, magana ta ƙare. A matakala Baba ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya tsaya a tsakiya ya daɗe. Muka jira shi, ba wanda ya ce ya yi sauri.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe ɗaya

Kafaɗuna kamar an yi min duka. Takarda nauyi gare ta, ban taɓa sani ba, ni da nake ɗaukarta shafi-shafi.

Baba yana kan kujera doguwa a gefen dama, rula a cinya, fensir a bayan kunne. Tun safe bakinsa bai huta ba. Daidaita. Buga gefen. Ba haka ba, kai wa ya koya maka tsayuwa? Cire idonka daga rubutun, ba kai aka aiko wa ba. Wani littafin koyon gyaran famfo ne ya bi ta hannuna, shafi ɗari da ashirin, ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba sai sunansa.

Kafin hutu na yanka kati ɗari biyar ni kaɗai. Ya ɗauki dami ya shafa gefen da babban yatsan hagu, ido a rufe.

“Ya karkace.”

“Baba, ina? Wallahi daidai yake.”

“Da silin gashi. Mai kati ba zai gani ba, ni na gani.”

Na buɗe baki, na rufe. Ya lura, na ga gefen gashin bakinsa ya motsa. Sai na ce tunda yau da sauƙi bari in gwada. Na ce, “Baba, maganar yafiyar nan ta ranar Asabar fa?”

Ya zaro fensir ya ja layi a kan sabon shafi. Layin ya ɗan yi rawa, amma ya sauka daidai inda ya nufa.

“Muna da wata uku,” ya ce. “Ɗauko na gaba.”